Malam-Buɗe-Littafi a Idon Kyamara

Batunmu na yau wani fanni ne na ɗaukar hoto wanda galibin masu kyamara a ƙasarmu ba su cika waiwayarsa ba, wato ɗaukar hoton malam-buɗe-littafi daga kusa, har a ga abin da ido shi kaɗai ba ya iya riskarsa.

Magabatan da suka raɗa wa wannan ƙwaro suna sun nuna basira ƙwarai, domin duk wanda ya natsu ya lura da yadda yake buɗe fukafukansa yana rufewa sa'ad da ya sauka a kan fure, zai ga tamkar malami ne a zaure yana juya shafi a gaban almajiransa. Kuma haƙiƙa akwai abin karantawa a shafin, gama launin nan da muke hangowa daga nesa, ƙananan ɓawo ne dubbai, jere bisa juna kamar na kifi, waɗanda su ne ke maƙale wa yatsun yaro kamar hoda idan ya kama shi. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Torben Larsen, wanda ya shafe shekaru yana bin dazuzzukan yankinmu, ya wallafa littafi a shekarar 2005 inda ya tattara nau'o'i kusan 1,500 na Afirka ta Yamma kaɗai.

To, mai son farawa, daga ina zai fara? A ra'ayina, ya fara da tumfafiyar da ke bayan gari. Akwai wani malam-buɗe-littafi mai launin ruwan goro, da baƙi da ɗigon fari a bakin fukafukai, wanda masana ke kira Danaus chrysippus. Macensa tana saka ƙwai a ganyen tumfafiya, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta ci ganyen nan mai farin ruwa mai dafi, dafin kuwa ya zauna a jikinta har bayan ta rikiɗe ta yi fukafukai, saboda haka tsuntsaye suke ƙyamar cinsa, shi kuma yake shawagi a hankali ba tare da fargaba ba. Wannan nutsuwa tasa alheri ce ga ɗan koyo. Wanda ke da bishiyar lemo a gida kuwa, ya duba ganyenta, domin akwai wani babba, baƙi mai dabbare-dabbaren rawaya, da tsutsarsa ke kiwo a can.

Sai batun lokaci, wanda shi ne rabin aikin. Wannan ƙwaro ba shi da ɗumin jiki na kansa, da zafin rana yake dogara, don haka da sassafe, bayan an idar da sallar Asuba gari ya waye, raɓa ba ta bushe ba, za ka tarar da shi a maƙale a jikin ciyawa ya kasa tashi, daga baya kuma ya shimfiɗa fukafukansa yana shan hantsi. A wannan sa'a haske yana da taushi, iska ba ta taso ba. Amma idan rana ta take, sai dai ka yi ta binsa kana haki. Ƙarshen damina ya fi albarka, kuma a bakin rafi ko tabki, inda ƙasa ke da laima, akan tarar da su gungu guda, yawancinsu maza, suna tsotsar gishirin da ke cikin taɓo.

Ladabin kusantarsa kuwa kamar na maharbi ne. Idanunsa suna da saurin gane motsi, saboda haka a tako sannu a hankali, a durƙusa har kyamara ta zo daidai da shi, kuma a kiyaye kada inuwar mutum ta faɗa kansa, domin da inuwa ta rufe shi sai ya tashi.

Game da kayan aiki, kada tsada ta karya wa kowa gwiwa, wayoyin hannu da yawa na yanzu suna iya ɗauka daga kusa. Mai babbar kyamara kuwa ya nemi gilashin da aka yi musamman don ƙananan abubuwa, mai milimita 90 zuwa 105, wanda zai ba shi damar cika hoto da ƙwaron alhali yana ɗan nesa da shi. A nan ne mushkila ɗaya take, wadda ke ba kowane ɗan koyo haushi: gwargwadon kusantarka, gwargwadon ƙanƙantar wurin da zai fito tangaran, har ka ga kai ya fito sarai amma fukafukai sun yi dishi-dishi. Maganinta shi ne a tsuke ƙofar da haske ke shiga zuwa lamba 8 ko 11, wato ƙofar nan da asalin iliminta ke komawa ga irin su Ibnul Haisam, haifaffen Basra, mai Kitabul Manazir, wanda ya yi bayanin yadda haske ke ratsa ƙaramin rami ya shiga ɗaki mai duhu kimanin shekara 1,000 da suka shige. Sa'an nan a sa saurin ƙiftawar kyamara ya kai ɗaya bisa 500 na daƙiƙa saboda rawar hannu da kaɗawar fure, a daidaita fuskar kyamara da shimfiɗar fiffike, a saita a kan ido. Idan Allah ya sa an dace, har dogon bakinsa za a gani, wanda yake naɗewa kamar gammo idan ya gama shan zaƙin fure.

Akwai wata al'ada da na ƙi jini, ta masu kama shi su sa a firiji don sanyi ya sandarar da shi, sa'an nan su ɗora shi a kan fure su ɗauka. Wannan zalunci ne ga halittar Allah, kuma ha'inci ne ga mai kallon hoton. Ina roƙon iyaye da malaman makaranta su kwaɓi yara su bar kama shi da hannu, su ara musu waya gobe da safe su tafi gindin tumfafiya su gwada.