Kada Mu Bar wa Makarantar Lahadi Renon 'Ya'yanmu

Duk wanda ya saba zama a sujadar Hausa ran Lahadi, ko a ECWA ne, ko COCIN, ko EYN, ko HEKAN, ko Angilikan, ya san lokacin da magatakardan ikilisiya yake miƙewa da littafinsa don karanta sanarwa. Litinin taron dattawa, Talata Zumuntar Mata, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis koyon waƙa na mawaƙa da 'yan Sabon Rai. Jumma'a nazarin Littafi Mai Tsarki, wani lokaci har da kwanan addu'a. Asabar sharar majami'a da faretin 'yan birged, sai biki in akwai. Ranakun sukan bambanta daga wannan coci zuwa wancan, amma makon a cike yake ko'ina. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, a duk yammacin da uba yake taron dattawa, uwa kuma tana wurin zumunta, wa yake tare da yara a gida, me kuma suke yi?

Waɗannan tarurruka su ne suka riƙe ikilisiya, wannan ba abin musu ba ne. Wanda ya taɓa yin rashi ya ga matan zumunta sun shigo gidansa da ankonsu, wata ɗauke da itace, wata da garin tuwo, suka zauna suna buga tulu suna waƙar ta'aziyya har dare, ba zai yarda a raina aikinsu ba. Su ne masu zuwa barkar haihuwa, su ne masu kai wa marar lafiya kunu a asibiti. Damuwata ita ce yadda muka ɗauka cewa yawan zuwa coci da iyaye suke yi zai wadatar da yaran da aka bari a gida. Mako yana da awa 168. Makarantar Lahadi tana samun yaro awa ɗaya, in ta yi yawa biyu, sau da yawa a hannun malama ɗaya da yara cike da ɗaki, babu isasshen benci, babu littafi. Sauran lokacin duka na gida ne da makarantar boko da unguwa.

Ita kanta makarantar Lahadi ba don ta karɓe aikin iyaye aka kafa ta ba. Robert Raikes ya fara tasa a garin Gloucester na Ingila a wajajen 1780, saboda yaran talakawa da suke aiki a masana'antu kwana shida a mako, ba su da ranar koyon karatu sai Lahadi. Taimako ce ga yaron da ya rasa dama. A nan ƙasarmu ma, in muka duba Wusasa, kusa da Zariya, inda mishan ɗin CMS ta koma a 1929 bayan shekarun da Dakta Walter Miller ya yi a cikin birni, za mu ga majami'a da makaranta da asibiti da gidajen jama'a duk a wuri guda suke. Yaro yana fita daga ɗakin uwarsa sai ya faɗa hannun mutanen da suka san shi suka san iyayensa. A makarantar wannan mishan Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko daga Arewa, ya yi karatunsa na fari, a Wusasa kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi a gidan mahaifinsa mai aikin bishara. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ba a kan bagade kaɗai ya tsaya ba. Ya shiga gidaje, aka riƙa karanta shi da dare a hasken fitila, mutane da yawa ma saboda shi suka koyi karatu.

Littafin da kansa a kan iyaye ya ɗora wannan kaya. Sura ta 6 ta Maimaitawar Shari'a ta umarci iyaye su koya wa 'ya'yansu maganar Allah a zaune cikin gida, da kan hanya, da lokacin kwanciya da na tashi. Manzo Bulus kuwa da ya zo yaba bangaskiyar Timoti, sai ya ambaci kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki, waɗanda a wurinsu ya gaje ta.

To, yaya addu'ar iyali take kasancewa har yaro ya so ta? A gidajen da abin ya zauna daram, ba wani dogon shiri ake yi ba. An gama cin tuwo, an kwashe kwanuka, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Aka ɗauko Littafin Waƙoƙi wanda bangonsa ya sha ɗinki, aka bar auta ta zaɓi lamba. Sai a miƙa wa ɗan shekara bakwai Littafi Mai Tsarki, ya ɗora yatsa a kan layi yana bi a hankali, in ya zo kan suna mai wuya ya tsaya, kaka ta faɗa masa da ka, don ita ta haddace wurin tun tana budurwa. Ana cikin labarin Yusufu sai yaron ya ɗaga kai.

"Kaka, me ya sa yayyensa suka jefa shi a rijiya?"

"Kishi ne, maigidana. Kai da ka ɓoye takalmin ƙanwarka ran Kirsimeti don nata ya fi naka ƙyalli, me ya sa ka?"

Kowa ya yi dariya, yaron ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya kuwa gane kishi fiye da yadda wa'azin awa guda zai ganar da shi. Daga nan a tambayi kowa abin da yake so a yi addu'a a kai: jarrabawa, ciwon ƙafar Baba, akuyar da ta ɓata. Minti goma sha biyar sun isa.

Abin da yake kashe wannan zama sananne ne. Wani uban yakan mai da shi wa'azi, ya yi ta magana har yara su yi barci a zaune, sa'an nan ya tashe su da tsawa. Wata uwar kuma a cikin addu'a take zayyana laifin kowa, tana faɗa wa Allah rashin kunyar wance da ƙiwuyar wane a gaban 'yan'uwansu. Yaron da aka saba tozarta shi da sunan addu'a zai girma yana gudun addu'a. In akwai faɗa, a yi shi a wani lokaci dabam, a keɓe. Kuma a bar yara su yi tambaya, ko da tambayar ta yi wa babba nauyi. Babu abin kunya in uba ya ce, "Ban sani ba, bari mu tambayi Baba Fasto ran Lahadi."

Sai batun wasa, inda na ga mun fi yin sakaci. Akwai iyaye masu himma ƙwarai da suke ganin wasa ɓata lokaci ne, yaron kirki shi ne wanda yake zaune shiru da littafi. Wannan fahimta ba daga Littafi Mai Tsarki ta fito ba. Annabi Zakariya, a sura ta 8, da yake kwatanta Urushalima bayan Allah ya komo da salama cikinta, ya ambaci tsofaffi zaune a dandali da sandunansu, da yara maza da mata cike da tituna suna wasa. A Markus sura ta 10, almajirai sun kori masu kawo yara, Yesu ya ji haushin haka, ya rungumi yaran ya sa musu albarka.

Wasanninmu na gargajiya makaranta ce mai zaman kanta. A langa yaro yake koyon juriya da kare ɗan'uwansa, ya kuma koyi faɗuwa ya tashi ba tare da kuka ba. Carafke tana koya wa yarinya ƙirga da saurin hannu da jiran layinta. Dara tana sa tunani kafin a motsa. A gaɗa ake koyon waƙa da amshi, su ne kuma muryoyin da za su cika ƙungiyar mawaƙa gobe. A fagen wasa ne ake gane mai ha'inci da mai riƙon gaskiya, a nan ake ɓatawa a shirya kafin a koma gida. Yafe wa juna da muke koyarwa ran Lahadi, wurin gwada shi ke nan. Har tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, wadda wasu suke hanawa wai ƙarya ce, ban ga laifinta ba, tun da yaro ya san ƙagaggiya ce, ƙarshenta kuma yakan nuna inda haɗama da wayon banza suke kai mai su. Aikin iyaye shi ne su saurara, in waƙar wasa tana da batsa ko zagi su gyara, su bar sauran. Ta fuskar lafiya ma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya sami aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana.

Amma ina filin? A garuruwa da yawa harabar coci ita ce kaɗai buɗaɗɗen wuri da ya rage a unguwa, ga shi kuma muna shafe ta da siminti don ajiye motoci, ko mu jera shaguna a jikin katanga saboda kuɗin haya. Yara suka shigo da ƙwallo, maigadi ya kore su don kada su fasa gilashin taga. Magabata ba haka suka ɗauki abin ba. William Alexander Smith malamin makarantar Lahadi ne a Glasgow, ya ga samari ba sa iya zama wuri ɗaya, sai ya kafa ƙungiyar birged ta yara maza a 1883, ya haɗa koyarwar Littafi Mai Tsarki da fareti da wasanni da fita zango. Birged ɗin da muke alfahari da gangunanta da ƙahoninta ran Kirsimeti da Ista daga nan ta samo asali. Kwamitin gini da zai ware kusurwa guda ya bar ta da yashi, ya dasa darbejiya biyu, ya kafa sandunan raga, ya yi wa ikilisiya aikin da za ta daɗe tana cin moriyarsa.

Inda aka rasa fili da abokan wasa, waya ce take cike gurbin. Yanzu har cikin sujada za ka ga an miƙa wa ɗan shekara biyu waya don ya yi shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019, ta ce bai dace a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Manyan yara kuwa, wayar da aka saya musu don karatu ita ce ƙofar cacar ƙwallo da hotunan batsa. Hana su kaɗai ba zai yi ba matuƙar uba yana cin tuwo da hannu ɗaya, ɗayan yana kan WhatsApp. A ajiye wayoyi duka, na manya da na yara, daga lokacin cin abincin dare har a gama addu'a.

Akwai wata magana mai nauyi da dole a faɗe ta. Kasancewar wuri majami'a ce bai sa duk wanda ya shigo cikinta ya zama amintacce ba. Kada a bar babban mutum ɗaya shi kaɗai da yaro a ɗaki a rufe, ko malami ne ko shugaban ƙungiya. A tashi daga koyon waƙa da fareti kafin duhu, a san wanda zai raka 'yan mata gida. In yarinya ta ce ba ta son zuwa wurin wane, a zauna a ji dalili, kada a ce taurin kai ne. In kuma ɓarna ta auku, a kai yaron asibiti, a kai maganar gaban hukuma. Rufe ta don kare sunan coci zalunci ne a kan yaron, yana kuma ba mai laifin damar sake yi wa wani.

Rashin tsaro ya ƙwace mana wasan farin wata a ƙauyuka da yawa na Filato da kudancin Kaduna da Borno da Adamawa, inda magariba tana yi kowa yake shigewa. A birane kuma, tun bayan rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001, unguwanni sun rabu bisa addini, har an sami yaran da suka girma ba su taɓa buga ƙwallo da wanda ba addininsu ɗaya ba. Iyayensu kuwa sun tashi suna kai wa maƙwabta shinkafar Kirsimeti, ana aiko musu da naman Sallah. Inda har yanzu ake zaune a cakuɗe, kamar Wusasa da ƙauyukan Kano da Katsina da ake samun Kirista da Musulmi a zuriya ɗaya, a riƙe wannan zumunci da kyau. A bar yara su yi wasa tare a inda idon manya yake kaiwa.

Roƙona ga fastoci da dattawan ikilisiya shi ne, in an zauna tsara ayyukan shekara mai zuwa, a ware yamma ɗaya a kowane mako da ba taro, ba koyon waƙa, ba kwamiti, a sanar daga bagade cewa ta iyali ce. A buɗe harabar coci wa yara ran Asabar da yamma, a sa manya biyu ko uku su zauna suna lura. Ku kuma iyaye, kada ku jira sanarwa. Yau da dare, in an gama cin abinci, ku kira yaran ku zauna tare, ku ba ƙaraminsu littafin ya karanta.