Shirin jarabawar mataimakin likitan dabbobi: karatun yana cikin garke

Ƴan uwa makiyaya da mambobin ƙungiyoyi, kamar yadda malamin gona ke zaman jarabawa kafin a ba shi takardar shaidar aiki, haka wanda gari ya zaɓa ya zama mataimakin likitan dabbobi ake gwada shi bayan horo. A Nijar waɗannan mataimaka na aiki ƙarƙashin likita mai zaman kansa, cikin tsarin SVPP da aka soma a yankin Dakoro. Na zauna irin wannan gwaji lokacin da nake neman difuloma, yanzu kuma ina taimaka wa masu shiri. Abin da na gani shi ne: hadda ba ta fid da mutum, sai hannun da ya saba da bisa.

Ranar gwajina an nuna mini rago aka ce in faɗi yawan maganin da zan yi masa. Na dube shi da ido na ce kilo 50. Da aka ɗora shi kan sikeli, kilo 35 ne. Da na yi allurar, da na zuba masa magani fiye da ƙima. Tun ranar na bar yarda da idona kaɗai.

Lissafin magani

Nan ne aka fi faɗuwa. Kowane magani da awonsa bisa nauyin dabba. Oxytetracycline mai dogon aiki, na kashi 20 cikin ɗari, mililita 1 ne ga kowane kilo 10, a cikin tsoka. Sa mai kilo 250 zai karɓi mililita 25, a raba wuri biyu. Ivermectine na kashi 1 cikin ɗari kuwa mililita 1 ne ga kilo 50, ƙarƙashin fata. Wannan san zai karɓi mililita 5, ragon nan mai kilo 35 kuma 0,7.

Ka riƙa yin irin wannan lissafi guda biyar kowace rana a littafinka. Ka nemi zaren awon ƙirji, ka faɗi nauyin dabba da ido tukuna, sannan ka auna ka ga tazarar. Idan magani ya yi kaɗan, cuta ba ta tafiya, ƙwayoyinta kuma su saba da shi har ya daina aiki. Idan ya yi yawa, asarar kuɗi ce, wani lokaci har da dabbar.

Ka koyi karanta kwalba: ranar lalacewa, hanyar bayarwa, da kwanakin da za a jira kafin a sha nono ko a yanka. Ka tuna kuma ba a ba akuya ko tunkiya albendazole a farkon cikinta.

Gane cuta

Kada ka haddace sunaye kawai. Ka kama ma'aunin zafin jiki ka gwada lafiyayyun bisashe da safe. Saniya mai lafiya na tsakanin digiri 38 da 39, awaki da tumaki kan ɗan fi haka. Wanda ya san lafiya shi ke gane ciwo.

Cututtukan da ba za ka rasa a tambaya ba su ne PPR ta awaki da tumaki, mai zazzaɓi, majina, gyambon baki da zawo. Ciwon huhun shanu, mai tari da wahalar numfashi. Da ciwon saifa, mai kisan farat ɗaya, jini baƙi na fita ta hanci da dubura. Idan aka tambaye ka me za ka yi da irin wannan mushe, amsa ɗaya ce: ba a feɗe shi, ba a cin namansa, a binne shi da zurfi, a sanar da ma'aikatar kiwo. Yana kama mutum.

Rigakafi da sanyi

Maganin rigakafi, irin wanda LABOCEL ke yi a Yamai, ana ajiye shi tsakanin digiri 2 da 8. Na PPR da zarar an haɗa shi da ruwansa, a yi aiki da shi nan take, cikin inuwa, kada a ajiye saura don gobe. Hukumar FAO da takwararta ta lafiyar dabbobi ta duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar kawar da PPR, kuma akwatin sanyinka na cikin wannan aiki.

Abin da ya haɗa mu da gona

Yawancinmu muna noma muna kiwo, don haka ka zauna da malamin gonar yankinku ko sau ɗaya. Ka tambaye shi kwana nawa ake jira kafin a ba dabba harawar waken da aka yi wa feshi. Ka san cewa gyauron dawa ɗanye, musamman bayan fari, na iya kashe saniya cikin ɗan lokaci, kuma buhun takin zamani da aka bari a buɗe guba ne ga dabbar da ta ci shi.

Sanin iyaka

Wani lokaci amsar da ta dace ita ce: "Wannan ya fi ƙarfina, zan kira likita." Ba kasawa ba ce. Haihuwar da ta gagara, ko mutuwar bisashe da yawa a lokaci guda, aikinka shi ne ka ware marasa lafiya ka kai labari da sauri.

Ga shugabannin ƙungiya kuma, ku sauƙaƙa wa ɗanku aikin gida a makonnin shiri, ku buɗe masa garkenku ya yi awo, ku yi masa tambayoyi da hira bayan sallar isha'i. Bisashenku ne zai riƙa yi wa allura gobe. Allah ya ba da sa'a, ya kare mana dukiya.