Ruwan Guba, Zafin Maris da Dam ɗin Lagdo: Ina Gaskiya, Ina Ƙanzon Kurege?

A watan Maris na 2010 wani saƙo ya karaɗe wayoyin 'yan Najeriya. Cewa ya yi hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi gargaɗin za a yi ruwan sama mai guba, kuma duk wanda ruwan ya taɓa zai kamu da ciwon dajin fata. Hujjar da aka kafa ita ce wata da'ira da aka gani ta kewaye wata. Abin ya zo daidai da wani hazo mai kauri da ya lulluɓe ƙasar ba a lokacinsa ba, har ya dangana da Legas. Mutane suka ɗaga kai suka ga sama ta sauya, sai suka ce lallai magana ta tabbata. NASA ba ta faɗi haka ba, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, ita ma ta fito ta ƙaryata. Da ruwa ya sauka, babu wanda fatarsa ta saɓule.

Da'irar gaskiya ce, ana ganinta jefi-jefi. Hasken wata ne ke ratsa 'yan ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara da ke cikin siraran gajimare can sama, sai ya lanƙwasa ya yi zobe. Hazon ma gaskiya ne, kuma an san gidansu: kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, inda iska ke kutsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashi ƙura ta yo kudu maso yamma da ita. Babu wani wuri guda a duniya da ya fi shi fitar da ƙura. Ƙaryar ita ce ƙulla waɗannan biyu da guba. Haka galibin jita-jitar yanayi take. Takan ɗauko abin da ido ya gani, ta liƙa masa dalilin da babu shi, ta rataya masa sunan wata babbar hukuma.

Duk shekara kuma, da zarar Maris ya kama, wani saƙon kan dawo: wai kada kowa ya fita daga ƙarfe 12 zuwa 3 na rana har kwana biyar, saboda rana za ta tsaya daidai tsakiyar duniya, zafi ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Tsayuwar ranar gaskiya ce. Tana faruwa wajen 20 ko 21 ga Maris, lokacin da dare da yini ke daidaita. To amma tana sake faruwa wajen 22 ko 23 ga Satumba, kuma babu Bakano ko Bakatsinen da zai ce Satumba ne watan zafi. A Kano, ranar da rana ke tsayawa cak a tsakar ka tana zuwa ne a kashi na uku na Afrilu, sannan ta maimaita a Agusta, tsakiyar marka, lokacin da gajimare ya rufe sama har mutum kan nemi mayafi da asuba. Abin da ke sa bazara ƙuna shi ne ƙasa ta bushe ƙamas, sama babu gajimare, ruwa bai sauka ba.

Kada wannan ya sa a raina zafin. A ranar 3 ga Afrilu 2024 ma'auni ya nuna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, ana cikin azumi, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu a kwana huɗun farko na watan. Shawarar shan ruwa da neman inuwa daidai take. Illar saƙon ita ce ya ƙayyade haɗarin ga kwana biyar, alhali tsofaffi da jarirai da masu ciwon suga ko hawan jini suna cikinsa tun daga Maris har saukar damina.

Sanƙarau ma akwai gyara a yadda ake faɗarsa. Ana cewa zafi ne ke kawo shi. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, tana bi ta numfashi daga mutum zuwa mutum. Aikin ƙura da bushewar iska shi ne su raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta sami hanyar shiga jini, cunkoso a ɗaki marar taga kuma ya ƙarasa sauran. A annobar 1996 mutane fiye da 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu. Wanda ya ɗauka zafi ne kawai zai tsaya ga fifita, wanda ya san ƙwayar cuta ce zai kai yaransa rigakafi.

Da an yi ruwan farko sai wata muhawara ta tashi. NiMet kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai ita ma takan yi na yankin Sahel baki ɗaya. Sai ka ji ana cewa, "Ai sun ce sai Yuni, ga shi an yi ruwa a Afrilu, ƙarya suke yi." Nan akwai rashin fahimta. Ruwan farko daban, kamawar damina daban. Wani ma'auni da masu binciken noma suka daɗe suna aiki da shi a Nijar ya ce damina ta kama ne idan an sami milimita 20 cikin kwana uku, sannan ba a yi fiye da kwana bakwai a jere babu ruwa ba a cikin wata gudan da ya biyo baya. Manomin da ya taɓa shuka gero da ruwan yaudara, ya ga ya tsiro ya ƙone, ya koma neman iri a kasuwa da tsada, ya riga ya san wannan tun kafin a rubuta shi.

Gaskiya ne kuma hasashen kan kuskure, kuma bai kamata a ɓoye dalili ba. Hadarin ƙasar Hausa yakan haɗu cikin 'yan sa'o'i, ya zubar a unguwa guda ya tsallake ta kusa da ita. Tashoshin auna yanayi a Afirka kuma ba su kai yawan da Hukumar Yanayi ta Duniya ta ce a samu ba, ko kusa. Saboda haka idan aka ce yiwuwar ruwa kashi 60 cikin 100 ce, ba alkawari aka yi ba. Amma duk wanda ya ce ya san ƙarfe nawa za a yi ruwa a ƙauye kaza nan da wata biyu, shaci-faɗi yake yi. Masu ganin hasashe shiga gaibu ne, su tuna cewa tsohon da ya dubi gabas ya ce a kwashe shanya shi ma alamu ya karanta. Bambancin kawai na'ura ta fi ido hangen nesa.

Aradu ma ba ta tsira daga jita-jita ba, amma wayar hannu ba ta jawo ta, jan kaya ma haka. Abin da ke kashe mutane shi ne fakewa a gindin doguwar bishiya, ko tsayawa a fili a gona, ko zama cikin ruwa. Wayar da ke jone da wutar gida ce ke da haɗari, domin tsawa na iya biyo layin lantarki. Idan mutum ya ga walƙiya ya ƙirga daƙiƙa uku kafin ya ji rugugi, tsakaninsa da ita kilomita guda ne kacal.

Babbar jita-jitar damina dai ita ce ta dam ɗin Lagdo, wai shi ke kawo kowace ambaliya, kuma a nan ne ƙarya ta fi tsada. Dam ɗin yana arewacin Kamaru, a kan kogin Binuwai, kudu da Garwa, an kammala shi a 1982. Idan ya cika tilas a buɗe ƙofofinsa, in ba haka ba ya ɓalle gaba ɗaya. An sako ruwansa a 2012, shekarar da ambaliya ta kashe mutum 363 a Najeriya ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu. An sake sakowa a Satumban 2022, shekarar da aka rasa rayuka sama da 600. Wannan duk gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa dam ɗin Dasin Hausa da aka tsara ginawa a Adamawa don tare wannan ruwa har yau ba a gina shi ba, kuma abin takaici ne ƙwarai.

Sai dai ruwa ba ya hawa tudu. Na Lagdo yana bi ta Yola ne, ya wuce Numan da Ibi da Makurɗi, ya haɗu da kogin Kwara a Lakwaja, ya gangara Anambra da Delta da Bayelsa. Ba shi da hanyar zuwa Kano ko Haɗeja ko Sakkwato. Ambaliyar Jigawa daga kogin Haɗeja take, wanda ruwan sama da madatsun Tiga da Challawa ke ciyarwa, ya nufi Tafkin Chadi. Ta Sakkwato kuwa daga Rima take, inda dam ɗin Goronyo yake. Ko a kan Binuwai ɗin ma ba Lagdo kaɗai ba ne, domin Faro da Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala duk a ƙasan dam ɗin suke zuba nasu ruwan. Ɗora komai a kan Kamaru yana sa a manta da magudanun da shara ta toshe da gidajen da aka gina a fadama.

Nan ne nauyi ya hau kan mai isar da labari. Kafin ya tura wa 'yan'uwa, ya dubi abu uku: wa ya faɗa, wane gari ake nufi, yaushe aka faɗa. Sanarwar bara takan dawo bana an goge kwanan wata, hoton ambaliyar wata ƙasa yakan fito da sunan garin maƙwabta. Mutumin bakin kogi da aka sa ya kwashe iyali da awaki sau biyu a banza, da wuya ya motsa a karo na uku. Sahihiyar sanarwa tana da kamanninta. A Satumban 2024 hukumar kula da koguna ta Najeriya, NIHSA, ta faɗi ranar da za a fara sakin ruwan Lagdo, 17 ga wata, ta faɗi yawansa, ta kuma jero jihohin da ke kan hanyarsa ɗaya bayan ɗaya.

Mako guda kafin wannan rana, a daren 9 wayewar 10 ga Satumba, dam ɗin Alau da ke kan kogin Ngadda ya ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri mutane suna barci. Babu hannun Lagdo a ciki, kogin ma daban ne. Irin haka ta taɓa faruwa a 1994. Da gari ya waye labarai suka yi ta yawo masu kama da ƙage: wai kadoji da macizai sun fito daga gidan namun daji na Sanda Kyarimi sun shiga unguwanni, wai katangar gidan yari ta rushe fursunoni sun tsere. Dukkansu gaskiya ne. Mahukuntan gidan namun dajin da kansu suka gargaɗi jama'a, suka ce fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun mutu, hukumar gidajen gyaran hali kuma ta tabbatar da cewa fursunoni 281 ne suka gudu.