Daren Da Mutanen Haiti Suka Kwana Suna Waƙa

Har gobe ba na mantawa da wannan dare. Iyalina sun yi barci, ni kuwa ina gaban talabijin ana nuno Port-au-Prince, babban birnin ƙasar Haiti, bayan girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.0 da ta auka masa ranar Talata 12 ga Janairun 2010, gab da ƙarfe biyar na yamma agogonsu. Fadar shugaban ƙasa ta durƙushe. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya ya rufta da shugabansa, Hédi Annabi ɗan Tunisiya. Babbar majami'ar Katolika ta zube, Akbishop Joseph Serge Miot ya rasu. Gwamnati ta ce an rasa sama da mutum 300,000. Wasu masu bincike sun kawo adadin da bai kai haka ba, amma an ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan ɗaya da rabi sun rasa matsuguni.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani sauti da ke tashi a bayan muryar ɗan jarida. Mutanen da suka tsira sun bazu a tituna da filaye don gudun kada sauran gine-gine su faɗo musu, kuma cikin duhun nan, da ƙura a jikinsu da gawarwakin 'yan'uwansu a gefe, waƙoƙin yabon Allah suke rerawa da harshensu na Kiriyol. Bayan mako guda, masu aikin ceto daga Meziko suka zaƙulo wata dattijuwa mai kimanin shekara 70 daga ɓaraguzai a harabar majami'ar nan, ta fito tana waƙa. Da aka cika wata guda, sai aka soke bikin kanibal, wanda Haiti ba ta wasa da shi, aka yi kwana uku ana azumi da addu'a a dandalin da ke gaban rusasshiyar fadar.

A matsayina na Kirista, na sha tambayar kaina: me mutumin da ya binne 'ya'yansa da safe yake gode wa Allah a kai da dare? Amsar da na samu ita ce, bangaskiyarmu ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin cewa ƙasa ba za ta girgiza ba. Zabura ta 46, wadda akan karanta a irin wannan rana, ta ambaci rawar ƙasa da faɗawar duwatsu cikin teku a matsayin abin da zai iya faruwa, sannan ta kafa dogaro a kan Wanda ya fi su ƙarfi. A littafin Daniyel kuma, samari ukun da aka yi wa barazanar jefawa cikin tanderun wuta sun shaida wa sarki cewa Allahnsu yana da ikon kuɓutar da su, kuma ko bai kuɓutar ba, ba za su juya masa baya ba. Dattijuwar nan ta samu kashi na farko, Akbishop ya samu na biyu, alhali a harabar majami'a ɗaya abin ya same su.

Sai dai akwai masu ɓata wannan bangaskiya da bakinsu. Washegarin girgizar, mai wa'azin talabijin na Amurka, Pat Robertson, ya ce kakannin mutanen Haiti sun ƙulla yarjejeniya da Shaiɗan ne don su kori Faransawa. Na ji kunya matuƙa. A Luka sura 13, Yesu Almasihu da kansa ya kawo labarin mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya kuma musanta cewa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. In la'ana ake nema a tarihin Haiti, to ga ta a rubuce: bayin da suka ƙwaci 'yancinsu a 1804, Faransa ta tilasta musu biyan diyyar faran miliyan 150 a 1825, bashin da ya tsotse ƙasar shekara da shekaru.

Ga kuma wani lissafi da bai kamata mai imani ya kauce masa ba. Ranar 27 ga Fabrairun 2010, girgiza mai maki 8.8 ta auka wa ƙasar Chile, wadda ta fi ta Haiti ƙarfi nesa ba kusa ba, amma mutum ɗari biyar da 'yan kai suka mutu. Babban dalili shi ne Chile tana da dokar gini, kuma ana bin ta. Nuhu ya dogara ga Allah, amma ya sassaƙa jirgi. Yusufu ya tara hatsin shekara bakwai. 'Yan'uwana Musulmi sun san wannan da zancen ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Na tuna da haka a Satumban 2024, sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri, aka yi ta addu'a a masallatai da majami'u, aka kuma yi ta tambayar su wa aka ɗora wa alhakin gyaran madatsar.

Jarabawar Haiti ba ta tsaya nan ba. A Oktoban 2010 cutar kwalara ta ɓarke daga sansanin dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kashe kimanin mutum 10,000, kuma sai a 2016 Majalisar ta nemi afuwa. Ranar 14 ga Agustan 2021 wata girgizar mai maki 7.2 ta sake auka wa kudancin ƙasar, ta kashe sama da mutum 2,200, ta rushe majami'u da dama. A garin Les Cayes, masu ibada suka ci gaba da taruwa ranar Lahadi a fili, kusa da ɓaraguzan.