Injin zuƙar ƙura ya daina aiki

Lokacin hunturu ƙura tana shiga ko'ina. In an share ɗaki da tsintsiya, sai ta tashi sama, jim kaɗan ta sāke sauka. A kan darduma kuwa abin ya fi wuya, domin rairayi yakan nutse cikin gashinta. Shi ya sa a wasu gidaje, da otal-otal, da manyan masallatai ake amfani da injin zuƙar ƙura. Da Faransanci ana ce masa aspirateur.

A shekarar 1901 wani injiniya na Ingila mai suna Hubert Cecil Booth ya ƙera irin wannan inji. Nasa ƙato ne, doki ke jansa, ana tsai da shi a ƙofar gida a zura tiyo ta taga. A shekarar 1907 wani mai shara a wani kanti na Amurka, James Spangler, ya haɗa ƙarami wanda mutum guda zai iya turawa. Kamfanin Hoover ya soma sayar da shi a 1908.

Yadda yake aiki

A cikin injin akwai moter mai aiki da lantarki. Moter yana juya farfela da sauri ƙwarai. Farfela tana tura iska waje ta bayan injin, sai iskar ɗaki ta rugo ciki ta bakin tiyo don ta cike gurbin. Ita ce take kwaso ƙura. Ƙurar tana tsayawa cikin jaka ko cikin gwangwani, iskar kuma ta ratsa mataci ta fita. Ashe ke nan iska ce mai shara, injin hanya kawai yake ba ta.

Mu gwada

Ku sami bik wanda ya ƙare. Ku cire bututun tawada da ɗan murfin baya, ku wanke shi sarai. Ku duba gefensa, za ku ga wani ɗan rami. Ku sa bakinsa cikin kofin ruwa mai tsabta ku zuƙa. Ruwa ba ya hawa sosai, domin iska tana shiga ta ramin. Yanzu ku rufe ramin da yatsa ku sake zuƙa. Ruwa ya hau! Sai kuma ku dafe bakin ƙasa a gindin kofi. Kome ƙarfinku, babu abin da zai shigo. Haka injin yake: in tiyo ya huje ko ya toshe, zuƙa ta ƙare.

Kafin a taɓa kome

Wutar da ke shiga gidajenmu tana da ƙarfin bolt 220, kuma tana kisa. Saboda haka a fara da kashe injin, a zare wayarsa daga bango. A kama kan wayar, kada a fizgi igiyar. Kada a taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu. Yaro ba ya yin wannan bincike shi kaɗai, sai tare da babba.

In ya ƙi tashi

Mu duba ko an ɗauke wuta. In fitila tana ci, mu kai injin wani ɗaki mu gwada, watakila gurbin wutar ne ya lalace. Sa'an nan mu zare waya mu bi ta da ido tun daga kai har gindi. In ɓera ya ci ta, ko ƙofa ta datse ta har tagulla ta fito, kada a sake kunnawa sai an sauya ta.

In yana ƙara amma ba ya zuƙa

Wannan ita ce cutar da ta fi kama shi, kuma maganinta yana da sauƙi. Da farko a duba jaka. In ta cika, a sauya ta ko a zubar da abin da ke ciki. Na biyu a duba mataci. Ƙurar hunturu mai laushi ce kamar gari, takan liƙe idanunsa. A kakkaɓe shi a waje. In irin wanda ake wankewa ne, a bar shi ya bushe sarai, kwana guda cur, kafin a mayar. Na uku a cire tiyo a jefa kwabo ta baki guda. In bai faɗo ta ɗayan ba, akwai tsumma ko leda a ciki. A tura su da sandar da ba ta da tsini.

In ya mutu ana cikin aiki

Iskar da ke ratsa injin ita ce take sanyaya moter. In hanyarta ta toshe, moter ya yi zafi. Injuna da yawa suna da wani ɗan makashi da ke yanke wuta da kansa don kada moter ya ƙone. A zare waya, a buɗe hanyar iska, a bar shi ya huce kamar awa guda. Mai gaggawa da ya dinga tilasta masa aiki da zafinsa, shi ke kai shi ga ƙonewa.

In buroshi ya daina juyawa

Wasu injuna suna da buroshi a baki, wanda bel na roba ke juyawa. Zare da gashin kitso sukan nannaɗe shi. A yanke su da almakashi. In an ji warin roba, bel ne ke gogawa ko ya tsinke, sai a sa sabo.

Injin wankin darduma

Wannan yana da tanki biyu: na ruwa mai tsabta da na ruwan dauɗa. In ba ya fesa ruwa, ko tankin farko ya ƙare, ko sabulu ya bushe a bakin mafesa. A wanke bakin da ruwan ɗumi. In ba ya zuƙa, a zubar da ruwan dauɗa, domin in tankin ya cika akwai wani abu mai yawo a kan ruwa da ke rufe hanya.

Shi kuwa injin ƙura zalla, ba a zuƙar ruwa da shi, ko toka mai garwashi, ko fetur. In aka ga hayaƙi ko tartsatsi, ko aka ji ƙauri, aikin ya wuce na gida. A kai shi wurin mai gyara.

Abin riƙewa

Injin zuƙar ƙura yana aiki da wuta da iska. A zare waya tukuna, sa'an nan a bi hanyar iska daga baki har mataci.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin farfela?
2. Me ya faru da kuka rufe ramin bik da yatsa?
3. Don me moter yake zafi in jaka ta cika?
4. Faɗi abubuwa uku da ba a zuƙa da injin ƙura.
5. Zana injin, ka nuna hanyar iska da kibiya.