Akatarsiya: dattin da sabulu ba ya fitarwa

A Sakkwato, inda yaro ke fara sanin najasa da tsarki tun daga karatun Ahalari, wannan kalma ba za ta yi wuyar ganewa ba. Da Girkanci aka rubuta Sabon Alkawari, kuma a cikinsa "akatarsiya" na nufin rashin tsabta: "kataros" shi ne mai tsabta, harafin "a" na farko kuwa korewa yake yi. A Matiyu 23:27, ruɓar cikin kabari ake nufi. Amma Manzo Bulus, wanda ya fi kowa ambatonta, ya karkatar da ita kan hali: fasikanci, har da mugun nufin mai wa'azi. A majami'un Sakkwato masu ibada da Hausa, "ƙazanta" ake cewa.