Sharaɗin Zaure da Iyakar Ikon Shugabansa: Duba ga Zaurukan Masu Sha'awar Abu Ɗaya

A zaurukan da masu sha'awar abu ɗaya suke kafawa a WhatsApp da Facebook da Telegram, kamar na masu kiwon tattabaru, da marubutan labaran Hausa, da masu girke-girke, da magoya bayan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa, akwai dokar da ta fi saura jawo ce-ce-ku-ce: ba a yarda a turo abin da bai shafi manufar zaure ba, ko da wa'azi ne. Da zarar shugaban zaure, wanda aka fi sani da admin, ya goge hoton wani hadisi da aka jefo a tsakiyar hirar farashin gero da maganin ƙuma, sai a sami wanda zai ce an hana faɗar Allah. Wani lokaci maganar takan kai ga tuhumar mutum a addininsa, zumuncin shekaru ya watse a dare ɗaya. Mas'alar ta cancanci a dube ta da idon fiƙihu, domin ta haɗa abubuwa biyu da malamai suka daɗe da tattaunawa: hukuncin sharaɗin da mutane suka gindaya wa junansu, da iyakar mutumin da ya ɗauki nauyin gyara ba tare da hukuma ta naɗa shi ba.

Majalisar ƙofar gida ba ta taɓa buƙatar rubutacciyar doka ba. Mutum goma ne ko goma sha biyar, kowa ya san uban kowa, kunya da ganin ido sun isa su tsare harshe. Zauren WhatsApp kuwa, tun shekarar 2022, yana ɗaukar mutum 1,024, na Telegram har 200,000, kuma galibinsu ba su taɓa yin musafaha da juna ba. Turawa sun ɗanɗana wannan tun da wuri. A 1993 baƙi suka kwararo cikin tsohon dandalin tattaunawa na Usenet da yawan da tsofaffin 'yan dandalin suka kasa koya musu al'adun wurin, kuma a watan Oktoba na 1995 aka fitar da takardar RFC 1855, wadda Sally Hambridge ta rubuta a kan ladubban mu'amala a intanet. Abin da kunya take yi a ƙaramin taro, dole rubutu ya ɗauke shi idan taro ya yi girma.

Tushen ikon shugaban zaure

Shugaban zaure ba alƙali ba ne, ba kuma ɗan Hisba ba ne. Mafi kusa da matsayinsa shi ne shugaban tafiya, wanda hadisin Abu Dawud ya umarci mutum uku da suka fita bulaguro su naɗa a tsakaninsu. Ikon wannan shugaba ya fito ne daga yardar abokan tafiyarsa, ya taƙaita ga sha'anin tafiyar, kuma yana ƙarewa da ƙarewarta. Yana iya cewa a yada zango a nan, amma ba ya raba musu gado, ba ya binciken abin da ke cikin jakar kowa.

Dokokin zaure kuwa sharuɗɗa ne da mai shiga ya amince da su. Asalin babin shi ne hadisin da ya ɗaure Musulmi ga sharuɗɗansu, wanda Abu Dawud ya fitar daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, Bukhari kuma ya kawo shi ba tare da isnadi ba a Littafin Ijara. Ruwayar Tirmizi daga Amru ɗan Auf ta zo da togaciya ga sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin wannan ruwaya saboda raunin Kasir ɗan Abdullahi, amma ma'anar togaciyar tana da madogara a ƙissar Barira da ke cikin Bukhari da Muslim, inda aka soke sharaɗin da ya saɓa wa hukuncin Allah. Ibn Hazm ya tafi a kan cewa asalin sharuɗɗa hani ne sai wanda nassi ya halatta. Ibn Taimiyya, a cikin Al-Ƙawa'idun Nuraniyya, ya rinjayar da kishiyar haka: asali halacci ne sai abin da dalili ya hana. Ra'ayi na biyu shi ne ya fi dacewa da yadda mutane ke gudanar da mu'amalolinsu, kuma a kansa wannan bayani ya ginu.

Akwai wurin da ake yawan zamewa a nan. Wani zai ce ai wa'azi halal ne, har ma abin so, don haka dokar da ta hana shi ta haramta halal. Da haka ake fahimtar togaciyar, da babu sharaɗin da zai tsaya a duniya, domin kowane sharaɗi yana taƙaita wani abu da yake halal kafin a gindaya shi. Ma'aikacin da ya yarda zai tsaya a shago daga safe zuwa Azahar ya hana kansa nafilar da zai iya yi a wannan lokaci, kuma babu malamin da ya ce ijararsa ta ɓaci. Abin da aka hana shi ne canza hukuncin shari'a, a mayar da halal haram a matsayinsa na hukunci. Dokar zauren tattabaru ba ta ce wa'azi haram ne ba. Ta ce nan ba muhallinsa ba ne, kamar yadda malamin lissafi ba zai bar ɗalibi ya buɗe Ishriniyya a tsakiyar darasi ba.

Sunna ma ba ta san wa'azin da ba ya duba lokaci ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah Ya yarda da shi, yana yi wa mutane tunatarwa ne kowace Alhamis. Da wani ya nuna yana son a mayar da ita kullum, sai ya ƙi, ya kafa hujja da cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan zaɓi lokaci ya yi musu wa'azi don gudun kada su ƙosa. Waɗanda aka ji wa tsoron ƙosawa sahabbai ne. To ina ga mutumin da ya buɗe wayarsa don neman maganin tattabararsa da ta daina ci, ya tarar amsar tambayarsa ta nutse a ƙarƙashin saƙonni talatin da aka kwafo daga wani wuri? Ƙari a kan haka, kaso mai yawa na irin waɗannan saƙonni ba su da isnadi ba su da marubuci, wasu ma hadisan ƙarya ne da aka rufe da barazanar cewa wanda bai tura wa mutum goma ba zai ga masifa. Shugaban da ya rufe wannan ƙofa sau da yawa ya fi mai turowar yi wa Sunna hidima, ko da bai yi niyyar haka ba.

Sai dai dokar tana da inda ta tsaya. Tana iya hana wa'azin da aka shigo da shi daga waje, ba ta iya hana inkarin munkarin da ya auku a cikin zauren kansa. Idan a zauren ƙwallo aka fara raba lambobin caca, ko a zauren kiwo wani ya sayar da tsuntsu mai ciwo ya ɓoye aibinsa, ko aka turo hoton batsa, wanda ya yi magana bai karya doka ba, kuma shugaban da ya ce masa nan ba masallaci ba ne shi ne ya keta togaciyar hadisin. Masu tattabaru musamman suna da abin lura a nan. Abu Dawud da Ibn Majah sun kawo hadisin da ya zargi wani mutum da aka gani yana bin tattabara, kuma fuƙaha'u sun bambance tsakanin kiwonta don hayayyafa ko ɗebe kewa, wanda suka halatta, da shagala da ita har a bar wajibi, ko hawa soro ana leƙen gidajen maƙwabta, ko sa kuɗi a kan tashinta. Zauren da ya koma na caca ya fita daga abin da aka yi yarjejeniya a kansa tun farko.

Yadda ake hukunci

Al-Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, ya lissafa fuskoki tara da suka raba muhtasibin da hukuma ta naɗa da mai sa kai a cikin Al-Ahkamus Sulɗaniyya. Daga cikinsu, na farko yana da ikon yin ta'aziri, na biyu ba shi da shi. Shugaban zaure yana sahun masu sa kai, sai dai yarjejeniya ta ba shi kayan aiki guda uku: gargaɗi, goge saƙo, da cire mutum. Duk abin da ya wuce wannan, kamar tozarta mai laifi a bainar jama'a ko ɗora masa tarar da ba a ambata a doka ba, ƙetare haddi ne.

Al-Ghazali, a babin umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna na Ihya'u Ulumid Din, ya shardanta cewa munkarin da za a yi inkari ya kasance yana aukuwa a halin yanzu, ya bayyana ba tare da bin diddigi ba, kuma a san munkari ne ba ta hanyar ijtihadi ba. Sharaɗi na ƙarshe ya isa ya kashe rabin rigingimun zaurukan nan, domin shugaba ba shi da hurumin cire mutum saboda yana sallah da saki ko ƙabalu, ko don ya halarci maulidi ko ya ƙi halarta. Sa'an nan Al-Ghazali ya jera matakai, ya sa sanar da wanda bai sani ba cikin taushi gaba da wa'azi, wa'azi gaba da tsawa, tsawa gaba da sa hannu. Balaraben ƙauyen da ya yi bawali a masallaci an bar shi ya gama, aka zuba ruwa, aka koya masa. Sabon shiga da ya turo tallar atamfa a zauren marubuta bai kai shi laifi ba.

Binciken zamani ya zo da abin da ya yi daidai da wannan tsari. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta nuna a littafinta na 1990 cewa al'ummomin da suka daɗe suna sarrafa dukiyar haɗaka, kamar ruwan noma da makiyaya, suna hukunci ne mataki-mataki, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. A 2019 kuma J. Nathan Matias ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan tattaunawa 2,190 a sashen kimiyya na Reddit. Ya gano cewa liƙa dokoki a saman tattaunawa ya ƙara yiwuwar sababbin shiga su bi doka da sama da maki 8 cikin ɗari, ya kuma ƙara yawan shigarsu cikin hirar da kimanin kashi 70 cikin ɗari. Doka bayyananna ba ta kori baƙi ba, ta ba su ƙwarin gwiwar magana. Malamin usul ba zai yi mamaki ba, domin ya san ayar Suratul Isra'i ta 15 da ta kore azaba kafin isar da saƙo. Dokar da ke cikin kan shugaba shi kaɗai, wadda ba a jin ta sai ranar da ya fusata, ba sharaɗi ba ce, domin babu wanda ya amince da ita.

Jarrabawar da ta fi kayar da shugabanni ita ce ta daidaito. Ana goge saƙon yaro, a bar na Alhajin da ke ɗaukar nauyin walimar shekara. Ƙissar matar Banu Makhzum da Usama ɗan Zaid ya nema wa sassauci ta isa tsoratarwa, ko da yake abin da ke hannun shugaban zaure bai kai haddi ba.

Alhakin abin da wani ya turo

Shin shugaba yana ɗaukar zunubin saƙon da ba shi ya rubuta ba? Babbar Kotun Bombay ta Indiya ta yanke a 2021 cewa ba a kama shugaban zauren WhatsApp da laifin abin da wani ya turo sai an tabbatar da haɗin baki. Fiƙihu ya yarda da rabin wannan, bisa ƙa'idar da ke cikin aya ta 164 ta Suratul An'am cewa kowane rai nauyinsa yake ɗauka. Amma ya ƙara wani abu: iko yana jawo wajibi. Tun 2022 WhatsApp ya ba shugabanni damar goge saƙon kowa daga wayar kowa. Wanda ya ga ƙazafi ko batsa, yana da wannan dama, ya yi shiru don kada a ce ya cika zafi, ba za a tambaye shi rubutun ba, za a tambaye shi barinsa. Wanda yake barci ko ba shi da data lokacin da abin ya faru, babu komai a kansa har ya gani.

Sauran 'yan zaure ma suna da nasu kason. Hadisin Jabir da Abu Dawud da Tirmizi suka fitar ya mayar da zancen da mutum ya yi yana waiwaye amana, alhali waiwayen alama ce kawai ta cewa ba ya son a ji. Zaure rufaffe da sai an ba da izini ake shiga ya fi waiwaye bayyana wannan nufi, saboda haka ɗaukar hoton hirar wani a kai ta wani zaure cin amana ne, idan kuma da nufin haɗa faɗa ne ya zama annamimanci. Haka ƙaramin zauren da wasu ke warewa a gefe don su ci naman sauran, bai tsira daga aya ta 12 ta Suratul Hujurat ba don kawai da yatsa aka rubuta.

Wanda aka cire daga zaure an cire shi ne daga yarjejeniya, ba daga 'yan'uwantakar Musulunci ba. Sallamarsa tana nan, gaisuwar rashin lafiyarsa tana nan, kuma hanin ƙaurace wa Musulmi fiye da kwana uku yana aiki tsakaninsa da wanda ya cire shi. Bai halatta a bi shi da labari zuwa wasu zaurukan ba, sai a hali guda: idan an cire shi ne don ya karɓi kuɗin mutane bai aiko da kaya ba, ko ya saba sayar da mai aibi a matsayin lafiyayye. An-Nawawi ya ambaci gargaɗin Musulmi daga sharri cikin wurare shida da aka halatta ambaton mutum a bayan idonsa. A nan ma sai a faɗi abin da aka tabbatar, ga waɗanda za su iya faɗawa hannunsa, a bar zancen iyalinsa da garinsu da aƙidarsa.